Yadda Ake Tantance Babbar Lamba Gagara-Raba da Gano Rukunanta: Misalin 2,147,483,647

Lamba gagara-raba ita ce lambar ƙirga da ta haura 1, wadda babu abin da yake raba ta ba tare da ragowa ba sai 1 da ita kanta. Ita ce ɗalibai suke kira firaim a ajin lissafi, waɗanda suka karanci hisabi da Larabci kuma suka san ta da adadi awwali. Ƙananansu ba su da wuyar ganewa, domin kowa yana iya tabbatar da 2, 3, 5, 7, 11 da 13 da ka. Amma idan aka ajiye wa mutum lamba mai alƙaluma goma aka ce ya faɗi ko gagara-raba ce, ya kuma faɗi rukunan da take ciki, dole ne ya san ta inda zai kama, in ba haka ba sai ya kwana yana rabawa bai isa ko'ina ba. Za mu bi aikin tun daga farko da lamba guda, wato 2,147,483,647. A duk inda mai karatu ya ga an rubuta 2^31, ana nufin a jera 2 sau 31 a ninka su da juna, kuma wannan 31 ɗin ita za mu riƙa kira lambar sama.

Tankaɗe da ƙananan lambobi

Ana farawa da gwaje-gwajen da ba su buƙatar kalkuleta. Alƙalamin ƙarshe 7 ne, saboda haka lambar mara ce, kuma 2 da 5 ba su raba ta. Idan aka tara alƙaluman, 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7, za a sami 46, kuma tun da 3 ba ta raba 46, ba ta raba uwar lambar ba. Ragowar 1 ce. Gwajin 11 shi ne a faro daga dama ana tarawa ana debewa bi da bi, wato 7−4+6−3+8−4+7−4+1−2, abin da ya ba da 12, wanda ragowarsa 1 ce idan aka raba da 11. Kada a jefar da waɗannan ragowar, a rubuta su a gefen takarda, domin ganin 1 tana ta maimaituwa alama ce ta wani abu da zai yi mana amfani a gaba.

Daga nan sai a gano iyakar bincike. Idan lamba tana rabuwa gida biyu, ɗaya daga cikin masu raba ta ba zai wuce saiwar murabba'inta ba, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da ita, domin idan dukansu biyu suka wuce, ninkinsu zai zarce lambar. A nan 46,340 sau 46,340 ya ba da 2,147,395,600, wanda bai kai lambarmu ba, 46,341 sau kanta kuma ya ba da 2,147,488,281, wanda ya wuce ta. Ke nan idan tana da masu raba ta, dole a sami ɗayansu a ƙasa da 46,341. Lambobi gagara-raba da suke cikin wannan tsakani sun kusa 4,800. Kwamfuta za ta gama da su kafin ƙiftawar ido, amma mai alƙalami da takarda yana buƙatar dabarar da za ta rage masa kaya.

Duba siffar lambar kafin a ci gaba

A ganina wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Kafin a shiga dogon rabawa, a ƙara wa lambar 1, a kuma debe mata 1, a ga abin da zai fito. Ƙarin 1 ya ba da 2,147,483,648. A raba biyu, 1,073,741,824. A sake, 536,870,912. A sake, 268,435,456. Idan aka ci gaba, ba za a taɓa cin karo da lambar mara ba har sai an sauka a kan 1 bayan rabawa 31. Ashe lambarmu 2^31 − 1 ce.

Lambobi masu wannan siffa ana kiransu lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe wanda a shekarar 1644 ya fitar da jerin lambobin sama da ya ce su ne suke ba da gagara-raba har zuwa 257. Jerin nasa shi ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Ya yi kuskure a 67 da 257, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Sai a shekarar 1903 Frank Nelson Cole na Amurka ya nuna cewa 2^67 − 1 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287. A kan 31 kuwa Mersenne ya dace, sai dai dacewa daban, hujja daban.

Sharaɗin farko a irin waɗannan lambobi shi ne lambar sama ita ma ta zama gagara-raba. Dalili kuwa, idan lambar sama ta rabu, sakamakon ma zai rabu: 2^6 − 1 ita ce 63, wadda 2^2 − 1 da 2^3 − 1, wato 3 da 7, duk suke raba ta. Talatin da ɗaya ta cika wannan sharaɗi. Amma sharaɗin bai wadatar ba, kuma shaidar hakan ita ce 2^11 − 1, wato 2,047, wadda take 23 sau 89. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan lamba ta 2,047 da kyau, domin da ita za mu riƙa auna kowace hanya da za mu bi.

Hanyar Euler

Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar da 2^17 − 1 da 2^19 − 1 a shekarar 1588 ta hanyar rabawa ɗaya bayan ɗaya. Kusan shekara ɗari biyu bayan haka, a 1772, Leonhard Euler ya sanar a wata wasiƙa cewa ya tabbatar da 2^31 − 1, kuma ƙa'idoji biyu ne suka sauƙaƙa masa aikin.

Ta farko ta samo asali daga Pierre de Fermat: idan p gagara-raba ce kuma mara, duk gagara-rabar da za ta raba 2^p − 1 dole ta zama ninkin 2p da ƙarin 1. A gwada da 2,047, inda p take 11: 23 ita ce 22 da 1, 89 kuma ita ce 88 da 1. Ta biyu ta ce mai raba irin wannan lamba, idan aka raba shi da 8, ragowarsa 1 ce ko 7. Nan ma 23 ta bar 7, 89 ta bar 1. A kan lambarmu, ƙa'idar farko ta ce mai rabawa sai ya zama ninkin 62 da ƙarin 1, wato 63, 125, 187, 249 da sauransu. Ƙa'ida ta biyu ta kori 125 da 187, domin ragowarsu 5 ce da 3. Idan aka haɗa ƙa'idojin, abin da ya rage shi ne ninkin 248 da ƙarin 1, ko ninkin 248 da ƙarin 63. Lambobi masu wannan siffa a ƙasa da 46,341 ba su kai ɗari huɗu ba, kuma mafi yawansu su ma suna rabuwa, don haka ba a ɓata lokaci a kansu: 63 da 249 suna rabuwa da 3, 497 ita ce 7 sau 71, 559 kuma 13 sau 43. Waɗanda suka rage ba su kai ɗari ba, na farkonsu 311, sai 1,303, sai 1,489.

Ba sai an yi dogon rabo da alƙaluma goma ba. Ga yadda ake gwada 311. A fara da 2^10, wato 1,024, wadda ta bar 91 idan aka raba ta da 311. A ninka 91 da kanta a sami 8,281, ragowarta 195, kuma wannan ita ce ragowar 2^20. A ninka 195 da 91 a sami 17,745, ragowarta 18, ita ce ta 2^30. A ninka da 2 a sami 36, a debe 1, saura 35. Tun da ba sifili ba ne, 311 ba ta raba lambarmu. Haka za a bi sauran, kuma babu ko ɗaya da zai ba da sifili. Wanda ya yi haƙurin kammala wannan ya tabbatar da lambar da hannunsa, ba labari ya ji ba.

Gwajin Lucas da Lehmer

Akwai hanya mafi gajarta, ta lambobin Mersenne kaɗai, wadda Édouard Lucas ya assasa har ya tabbatar da 2^127 − 1 da irinta a 1876, Derrick Lehmer kuma ya gyara ta a shekarun 1930. Ana farawa da 4. A kowane zagaye a ninka lambar da ke hannu da kanta, a debe 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe ragowar kaɗai. Ana yin zagaye p − 2, inda p take lambar sama. Idan aka ƙare a kan sifili, lambar gagara-raba ce, idan kuma aka ƙare a kan wani abu daban, tana rabuwa, babu shakka a kowane ɓangare.

A fara gwada hannu da 127, wato 2^7 − 1, wadda take buƙatar zagaye biyar. Daga 4 a sami 14, daga 14 a sami 194 wadda ta bar 67, daga 67 a sami 4,487 wadda ta bar 42, daga 42 a sami 1,762 wadda ta bar 111, daga 111 kuma a sami 12,319, wadda take daidai 127 sau 97. Sifili ke nan. Idan aka yi wa 2,047 zagaye tara, jerin shi ne 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, sannan 1,736, kuma ƙarewa a kan 1,736 ita ce ta tona asirinta.

Lambarmu tana buƙatar zagaye 29 kacal. Huɗun farko su ne 14, 194, 37,634 da 1,416,317,954, daga na biyar kuma ake fara rage su. A nan akwai tarkon da ya kamata a kiyaye: murabba'in lamba mai alƙaluma goma yakan kai alƙaluma goma sha tara, alhali manhajar Excel alƙaluma goma sha biyar kawai take riƙewa daidai, ƙaramar kalkuleta kuma ba ta kai haka ba. Na'urar ba za ta ce ta gaza ba, za ta dunƙule ƙarshen lambar ne ta ci gaba, sai mutum ya ƙare da amsar banza yana zaton ta gaskiya ce. A yi amfani da Python, harshen shirya manhajar kwamfuta, wanda yake riƙe lambobin ƙirga komai tsawonsu, a maimaita s = (s*s − 2) % m sau 29, inda s ta faro daga 4, m take 2147483647, alamar * tana nufin ninkawa, % kuma ragowar rabawa. Amsar ƙarshe sifili ce. Wannan gwajin shi ne hukunci na ƙarshe a aikin GIMPS, wato haɗakar kwamfutocin masu sa kai don neman gagara-rabar Mersenne, wanda George Woltman ya kafa a 1996, kuma ta wannan aiki ne Luke Durant ya gano 2^136,279,841 − 1 a watan Oktoba na 2024, lamba mai alƙaluma 41,024,320.

Wani gargaɗin ya shafi gwajin Fermat, wanda ya ce idan N gagara-raba ce, 2^(N−1) za ta bar 1 idan aka raba ta da N. Mutane sukan juya maganar su ɗauka cewa duk wadda ta bar 1 ta tsira, alhali 341, wadda take 11 sau 31, tana cin wannan gwaji. A kan lambobin Mersenne ma abin ya fi muni, domin duk wadda lambar samanta gagara-raba ce tana cin gwajin da 2, har da 2,047. Saboda haka gwada lambarmu ta wannan hanya ba ya nuna komai.

Rarraba ta cikin rukunai

Da an tabbatar da lambar, sai a koma ga rukunanta, kuma a nan ma siffar 2^31 − 1 ce take ba da yawancin amsoshin. Ita ce ta takwas a jerin gagara-raba na Mersenne, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Tun da lambar samanta, 31, ita ma 2^5 − 1 ce, lambarmu ta shiga rukunin Mersenne mai ruɓi biyu, wanda huɗu kawai aka sani a cikinsa: 7, 127, ita kanta, da 2^127 − 1.

Kowace gagara-rabar Mersenne tana haifar da kammalalliyar lamba, wato wadda jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, take daidai da ita, kamar 6 da take 1+2+3, ko 28 da take 1+2+4+7+14. Euclid na tsohuwar Girka ne ya ba da ƙa'idar, wato a ninka gagara-rabar 2^p − 1 da 2^(p−1), Euler kuma ya nuna cewa duk kammalalliyar lamba cika daga wannan ƙa'ida take fitowa. A ninka 2^30 da lambarmu, a sami 2,305,843,008,139,952,128, kammalalliya ta takwas.

Sai rukunan da ragowa take nunawa. Don raba da 4, alƙaluma biyu na ƙarshe sun isa: 47 ta bar 3. Murabba'i kuwa 0 ko 1 kawai yake bari idan aka raba shi da 4, don haka jimlar murabba'ai biyu ba za ta taɓa barin 3 ba, kuma ba za a iya rubuta lambarmu a matsayin jimlar murabba'ai biyu ba, saɓanin 13 da take 4 da 9.  Don raba da 8, a ɗauki 647, wadda ta bar 7, kuma lamba mai wannan ragowa ba ta zama jimlar murabba'ai uku. Amma Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa murabba'ai huɗu suna isar kowace lamba, kuma ana iya nemo su da hannu. Idan aka debe murabba'in 46,340, saura 88,047, wadda ita ma ta bar 7, don haka wannan ƙofa a rufe take. A sauka zuwa 46,339, wadda murabba'inta yake 2,147,302,921, saura 180,726. A debe murabba'in 425, wato 180,625, saura 101, wadda take 100 da 1. Ke nan lambarmu jimlar murabba'an 46,339, 425, 10 da 1 ce.

Bayan haka a duba maƙwabta. Tagwayen gagara-raba su ne waɗanda tazarar 2 ce tsakaninsu, kamar 11 da 13. Ƙarin 2 ya ba da 2,147,483,649, wadda jimlar alƙalumanta 48 ce, ke nan 3 tana raba ta. Ragin 2 kuma ya ba da lamba mai ƙarewa da 5. Lambarmu ba ta da abokiyar tagwaitaka. Gagara-rabar da ke bayanta ita ce 2,147,483,629, wadda ke gabanta kuma 2,147,483,659, tazarar 18 a baya da 12 a gaba. Tun da ta haura matsakaicin maƙwabtan nata, wato 2,147,483,644, tana cikin waɗanda ake kira ƙarfafa. Idan aka faro ƙirga daga 2, ita ce ta 105,097,565.

Rukunin Sophie Germain yana buƙatar a ninka lambar da 2, a ƙara 1, a sake samun gagara-raba. A nan an sami 4,294,967,295, wadda take 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537, abin sha'awa kuma waɗannan biyar su ne dukan gagara-rabar Fermat da aka sani, wato masu siffar 2^n + 1. Lambarmu ba ta shiga ba. Haka kuma ba ta cikin rukunin amintattu, waɗanda idan aka debe musu 1 aka raba biyu ake samun gagara-raba, domin 1,073,741,823 tana rabuwa da 3. Faɗin rukunan da lamba ba ta ciki, tare da dalili, daidai yake da faɗin waɗanda take ciki a wajen ƙima.

Ya kamata a bambanta halin lamba da halin rubutunta. Jimlar alƙaluma 46, ko ƙarewa da 7, abubuwa ne na tsarin goma-goma da muke rubutu da shi. A tsarin biyu-biyu na kwamfuta lambar 1 ce sau 31 a jere, wadda ko ta dama ko ta hagu aka karanta duk ɗaya ne, a tsarin sha shida kuma 7FFFFFFF ce. Zamanta gagara-raba da ragowarta ba su canzawa ko da wane tsari aka rubuta ta, don haka su ne suka cancanci a fara ambata.

Abin da ragin 1 yake bayyanawa

Mu koma ga ragowar 1 ɗin nan da muka ajiye a gefe. Idan aka debe 1, an sami 2,147,483,646, wato 2 sau 2^30 − 1, ita kuma 32,767 sau 32,769 ce. Ta farko 7 × 31 × 151 ce, ta biyu 9 × 11 × 331. Ke nan cikakken rabon shi ne 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, kuma shi ya sa 3 da 11 suka bar 1 tun a farko.

Lambar ta shahara a harkar kwamfuta saboda dalilai biyu da bai kamata a cakuɗa su ba. Na farko, ita ce mafi girman lamba da gurbi 32 na tsarin biyu-biyu yake iya ɗauka idan aka ware gurbi ɗaya don nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa. Tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙoƙi daga 1 ga Janairu 1970 za su cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Nijeriya da Nijar, daƙiƙa ɗaya bayan haka kuma agogonsu ya koma 13 ga Disamba 1901. Wannan bai da alaƙa da zamanta gagara-raba. Siffar 2^31 − 1 ce kawai ta jawo shi.

Na biyu kuwa ya dogara kacokan a kan zamanta gagara-raba. Idan aka faro daga 1 ana ninkawa da 2, ana rabawa da lambarmu ana riƙe ragowa, bayan zagaye 31 za a dawo kan 1. Amma idan da 7 ake ninkawa, sai an ratsa dukan lambobi daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin a dawo. Don tabbatar da haka ba sai an yi zagaye biliyan biyu ba. A ɗauki kowace daga cikin 2, 3, 7, 11, 31, 151 da 331, a raba 2,147,483,646 da ita, a ɗora abin da ya fito a matsayin lambar saman 7, a duba ragowar. Babu ɗaya daga cikin bakwai ɗin da zai ba da 1, alhali 7^2,147,483,646 tana ba da 1. Wannan shi kansa hujja ce ta uku mai zaman kanta cewa lambar gagara-raba ce, kuma tana aiki a kan kowace lamba da aka san rabon maƙwabciyarta ta ƙasa, ko ta Mersenne ce ko ba ita ba.

A kan wannan hali Stephen Park da Keith Miller suka dogara a 1988 sa'ad da suka ba da shawarar a riƙa samar da lambobin ƙuri'a a kwamfuta ta hanyar ninkawa da 16,807, wato 7^5, wadda ita ma take ratsa dukan zagayen tun da 5 ba ta cikin masu raba 2,147,483,646. Idan mai karatu ya faro daga 1, zai sami 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073, kuma idan lissafinsa bai zame ba, a zagaye na dubu goma zai ga 1,043,618,065.